Shirya Shaidu Kan Rigimar Kuɗin Ajiye Mota

Ran Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, motocin Ƙaura Namoda da na Zurmi sukan cika gari, har direba ya ajiye tasa a filin wani. In mai fili ya kai ka ƙara bisa kuɗin da ba ku shirya ba, shi ne mai da'awa, watau kawo hujja a wuyansa yake. Amma kada ka je kotu hannu rabbana.

Tun abin yana sabo, nemi waɗanda aka yi cinikin a gabansu. Kowa a rubuta nasa dabam: sunansa, sana'arsa, rana da sa'a, inda ya tsaya, da abin da ya ji da kunnensa. "An ce" ba shaida ba ce. A karanta masa, sa'an nan ya sa hannu ko ya dangwala. Kada a koya masa magana, gama tambayar alƙali takan tona hadda.

A Kotun Shari'a, maza biyu adilai sun isa a sha'anin dukiya, ko namiji ɗaya da mata biyu. Yaron motarka kuwa ana iya sukar shaidarsa, tun da a hannunka yake ci. Takardar nan ta tuni ce, sai mai shaida ya zo da kansa. Rasit, in an ba ka, adana shi.