Sojojin Jini da Ciwon Daji

A cikin jinin ɗan Adam akwai ƙwayoyi ja da farare. Fararen su ne masu tsaron jiki. Mafi yawa a cikinsu wasu ne da likitoci suke kira nutirofil, sun kai rabi ko fiye. A cikin ɓargo ake yin su, kuma ba sa daɗewa, kwana ɗaya ko 'yan kwanaki sai su mutu, wasu su maye gurbinsu.

Idan manomi ya sare ƙafa da fartanya, su ne suke fara isa wurin. Sai su haɗiye ƙwayoyin cuta. Mugunyar da ake gani a miki, yawancinta gawarwakinsu ne.

To, amma ciwon daji, wato kansa, yana da wayo. Shi ba baƙo ba ne, naman jikin mutum ne da ya ƙi daina girma har ya zama ƙari. Ƙarin yakan fitar da wasu sinadarai da suke kiran nutirofil. Wasu in sun zo sai su yaƙe shi. Wasu kuwa sai ya juya su, su koma yi masa aiki. Su taimaka masa ya sami sababbin hanyoyin jini, su hana sauran masu tsaro taɓa shi, har su share masa hanyar yaɗuwa. A shekarar 2009 masana a Amurka suka nuna waɗannan halaye biyu a jikin ɓeraye.

Ga inda abin ya shafi mai jinya. Maganin kansa da ake sakawa ta jijiya yana kashe duk ƙwayar da take saurin hayayyafa, har da na ɓargo. Saboda haka nutirofil sukan ragu ƙwarai, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sha maganin. A wannan lokaci jiki ba shi da mai gadi. Zazzaɓin da ya kai maki 38 ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba. A kai mara lafiya asibiti nan take, a gaya wa likita ranar da aka yi masa maganin. Akwai allurar da take sa ɓargo ya ƙara yin nutirofil, likita ne yake sanin wanda ya kamata a yi wa.

Masu jinya su riƙa wanke hannu da sabulu, su tafasa ruwan sha, su dafa abinci ya nuna sosai. Mai tari ko mura kuwa, ya aiko da gaisuwarsa daga nesa.