Yadda Hannun Kakana Ya Koma Aiki

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Ni ban san gaskiyar wannan magana ba sai a watan Janairu na 2024, sa'ad da kakana ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta alkama a Kadawa. Shi manomin rani ne tun lokacin da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya soma biyo magudanai zuwa ƙasar Kura da Bunkure. Ran nan bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi. Amma a Asibitin Malam Aminu Kano likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo ta.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa ita ke ba gaɓoɓi umarni. Ɓarinta na hagu shi ke juya daman jiki, na dama kuma ya juya hagu. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikinta, sai wurin da jini bai kai ba ya lalace. Ashe ba hannun ne ya mutu ba, saƙo ne ba ya isa gare shi. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ba mu misali da abin da muka sani: in magudana ta cike, akan haƙa wata a kewaya da ruwa. Haka ƙwaƙwalwa ke buɗe sabuwar hanya, amma sai da yawan maimaitawa, kuma an fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko.

Da na zo hutu, sai na tarar saboda tausayi kome yi masa ake yi. Hannun yana ɓoye cikin riga, har yatsu sun fara ƙandarewa. Ma'aikaciyar ta ce wannan kuskure ne, ta koya mana abu huɗu. Na farko, kada a ja shi ta hannun da ya shanye, don kafaɗa na iya gocewa. In ya zauna a tallafe hannun da matashi. Na biyu, ya sarƙe yatsun hannu biyu, mai lafiya ya ɗaga marar lafiya sama sannu a hankali. Na uku, a tsai da madubi tsakanin hannuwan, ya riƙa motsa mai lafiya yana kallonsa a ciki, kamar marar lafiyar ne ke motsi. Na huɗu, a bar hannun ya yi aikin gida.

Kullum bayan La'asar nakan ajiye masa tumatir a faifai ya kwashe ɗai-ɗai zuwa ƙwarya. Da ya iya, muka koma wake. Wani lokaci ya yi fushi ya ture faifan, in ce, "Kaka, yi haƙuri, saura biyar."

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne cin tuwo da hagu. To, alhamdu lillahi, yanzu da dama yake ci, ko da yake bai iya riƙe fartanya ba tukuna.

'Yan'uwana ɗalibai, in kun je gida ku roƙi iyaye su riƙa auna jininsu. In kuwa kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a garzaya da shi asibiti nan take. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.