Tsakanin Barkwanci da Ƙiyayya: Muhawara a kan Doka

Gabatarwa

A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida Kano. Wannan al'amari ya girgiza ƙauyukan Kano, domin ɗan karkara bai rabu da tafiya ci-rani ba. Ya kuma sake ta da tsohuwar tambaya: shin laifin da aka yi wa mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa ya cancanci hukunci na musamman?

Ɓangarorin Muhawarar

Masu goyon baya suna cewa irin wannan laifi jama'a guda yake tsoratarwa, ba mutum ɗaya ba. A 1993 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a ƙara wa mai laifi hukunci idan ƙiyayyar launin fata ce ta sa ya zaɓi wanda ya cutar. Masu suka kuwa suna ganin kisa kisa ne, kuma alƙali ba ya ganin zuci.

A Nijeriya muhawarar ta fi karkata ga magana, tunda ita ke share wa aiki fage. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya gabatar da ƙudurin hana kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. Jama'a suka yi masa ca, don tsoron kada masu mulki su toshe bakin 'yan adawa da shi. Ƙudurin bai zama doka ba.

Matsayin Harshe

Bahaushe ya bambanta zagi da zambo da habaici da barkwanci. Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, sukan jefi juna da maganar da baƙo zai ɗauka cin mutunci ce, alhali zumunci suke ƙarfafawa. Kalma ɗaya takan zama wasa a bakin taubashi, ta zama wuta a bakin mai tunzura taro. Abin lura shi ne mai magana, da wurin, da manufarsa.

Kammalawa

Magana zarar bunu ce. Amma dokar da ta kasa rarrabe wasa da tunzuri za ta kama mai barkwanci ta bar mai kunna wuta. Saboda haka ya kamata masu tsara doka su nemi shawarar masana harshe da al'ada kafin su sa hannu.