ITACEN ADO A GIDA: A DASA WANDA ƘASA TA KARƁA

A ƙasashen Turai akwai wani itacen ado da masana ke kira Betula. Ɓawonsa fari ne, rassansa kuma suna sunkuyowa ƙasa. Wani irinsa yana da ganye tsage-tsage kamar an yanka da almakashi. An fara ganin wannan iri a ƙauyen Ornas na ƙasar Suwidin a 1767, kuma a 1985 aka zaɓe shi ya zama itacen ƙasar. Mai lambu da ya ga hotonsa zai yi sha'awar dasa shi, amma itacen ƙasar sanyi ne, ba ya jure zafin bazara irin na Keffi. Wanda ya saye shi ya yi asarar kuɗinsa da wahalarsa.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu ma muna da itatuwa masu ƙananan ganye da kyan gani. Akwai tsamiya da ɗorawa, masu inuwa da amfani a tukunya. Akwai marga mai ruwan ɗorawar fure. Akwai kuma Delonix, ɗan asalin tsibirin Madagaska, wanda kan yi jan fure jawur gab da faɗuwar damina.

Ga yadda ake dasawa:

1. A Keffi damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. A jira ruwa ya zauna, wajen watan Yuni, sa'an nan a dasa.

2. A nisanta rami da bango ko rijiya kamar taku goma, domin saiwa kan tsaga gini.

3. A haƙa rami ƙafa biyu a zurfi, biyu a faɗi. A cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

4. A yage ledar dashe a hankali kada ƙasar ta warwatse. A binne daidai wuyan dashen, a danne, a ba shi ruwa.

5. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a riƙa duba gindinsa saboda gara.

6. A ranin farko da na biyu a riƙa ban ruwa da yamma, a share busasshiyar ciyawa saboda gobara.

Jama'a, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane magidanci ya dasa ko da guda ɗaya a daminar bana, ya kuma kula da shi har ya kafu.