Kafin a tayar da motar ikilisiya

A ƙauyuka da yawa na Ikara, Makarfi da Kudan, mota ɗaya ce ke yi wa jama'a kowane aiki. Yau ta ɗauki rake zuwa kasuwar Makarfi, gobe kwandunan tumatir daga fadamun Hunkuyi, da tsakar dare kuma a buga wa direba ƙofa don a kai mai naƙuda asibitin koyarwa na Shika. Idan injin ya buga a irin wannan dare, ba kuɗin gyara kaɗai za mu yi asara ba. Binciken da ke hana haka bai wuce minti 10 ba, kuma ba sai bakanike ya zo ba.

Mu fara da baƙin mai

Mu duba shi da safe, injin na sanyi, motar na tsaye a wuri mai daidai. A kan gangare awon zai ruɗe mu. Mu buɗe bonet mu nemi sandar awo; yawanci hannunta zobe ne rawaya ko ruwan lemo. Mu zaro ta, mu goge da tsumma mai tsabta, mu mayar har ƙarshe, sannan mu sake zarowa. Awo na biyu shi ne gaskiya. Ya kamata mai ya tsaya tsakanin alamu biyun da ke bakin sandar. A ƙananan motoci da yawa, daga alamar ƙasa zuwa ta sama kusan lita 1 ne. Mu ƙara kaɗan kaɗan muna sake awo, domin cika shi fiye da kima ma yana ɓata injin.

Mu kuma kalli man. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a injin dizal. Amma idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai a kira bakanike kafin a tuƙa. Idan mun murza shi a yatsa muka ji tsakuwa-tsakuwa, lokacin juye ya yi. Ƙurar hunturu da hanyoyinmu na burji suna gajiyar da mai da wuri, saboda haka gara a juye kusan kowane kilomita 5,000, tare da sabuwar filta. Mu sayi lambar da littafin motar ya faɗa, a galan mai hatimi. Man kwalba na bakin hanya, ba wanda ya san abin da ke ciki.

Ruwan lagireto

Kada mu taɓa buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan yana matse a ciki, zafinsa kan wuce digiri 100, zai kuma feso a fuska. Mun san direbobi da yawa suna zuba ruwan rijiya. Yana kawo tsatsa, yana toshe hanyoyin ruwa, sai a watan Maris ko Afrilu a ga allura ta hau ja. Ruwan sanyaya injin na galan ya fi.

Man birki yana cikin ɗan farin roba kusa da gilashin gaba, ta wajen direba. Murfin yana faɗin irinsa, DOT 3 ko DOT 4. Idan ya ragu farat ɗaya, yoyo yake yi, kuma motar ba ta fita ranar, ko da ranar kasuwa ce. Kada a zuba masa baƙin mai, domin yana kumbura robobin birki.

Batir mai murafu yana son tataccen ruwan batir, ba asid ba. Mu leƙa ƙarƙashin motar mu ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare.

Tsohon man da aka juye, kada a zubar kusa da rijiya ko fadama, kada kuma a shafa wa dabba a miki.

A taron kwamiti na gaba, mu zaɓi mutum biyu ban da direba, mace ɗaya a ciki, su koyi wannan awo. A ajiye ɗan littafi a motar, a riƙa rubuta ranar juye da lambar kilomita.