Hatimin Filawud da Ƙirar Kwalekwale: Abin da Ya Kamata Kafinta da Mai Jirgi Su Sani a Ƙasar Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin haruffa da lambobin da masana'antu ke bugawa a jikin filawud, tare da auna dacewarsa da ƙirar ƙananan jiragen ruwa a yankin gulbin Rima da gulbin Sakkwato. An nuna cewa hatimi na amsa tambayoyi uku mabambanta: kyawun fuskar katako, ƙarfin gam, da nagartar itacen da ke ciki. An kuma bambance filawud na jirgi da baƙin allon da ake kira "marin bod" a kasuwa, sannan an kawo hanyoyin gwaji da kafinta zai iya yi a rumfarsa.

Fitilun kalmomi: filawud, hatimi, gam, kwalekwale, Rima

1.0 Gabatarwa

Ko da yake Sakkwato na bakin Sahel, rayuwar jama'a da dama a ƙasar ta rataya ne a kan ruwa. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato sun haɗu a kusa da birnin, suka gangara ta Argungu da Birnin Kabi har zuwa kogin Kwara. Sarkawa na su a cikinsu, manoman fadama na tsallaka su zuwa gona, 'yan kasuwa kuma na bin su ranar kasuwa. A ambaliyar shekarar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai da jama'a suka koma ga kwalekwale.

Haɗarin wannan sufuri sananne ne. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a yankin Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kabi. A Afrilun 2022 mutum 29 sun rasu a gulbin Shagari. Ranar 17 ga Agusta, 2025 wani jirgin ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Dalilan da hukumomi suka fi ambatawa a irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da ƙima, da tsufan jirage, da rashin rigar kariya. Batun tsufan jirgi kuwa yana komawa ne ga katakon da aka yi shi da shi.

A da, masassaƙa kan fafe jirgi daga kututturen babbar bishiya irin su maɗaci. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci aka koma ga haɗa falankai da ƙusa. Filawud na cikin abin da hankali zai iya karkata gare shi a yau, saboda faɗinsa da rashin nauyinsa da sauƙin samunsa. Kafintan da ke Minanata, wanda ya saba da filawud a aikin kabad da ƙofa da silin, idan aka kawo masa aikin jirgi ko gyaransa, ilimin da ya ishe shi a aikin ɗaki ba zai ishe shi a aikin ruwa ba.

2.0 Yadda Ake Yin Filawud

Ana jiƙa gungumen itace ko a turara shi, sannan a ɗora shi a kan injin da ke juya shi yana feraye shi zuwa siraran fallaye. Ana busar da fallayen, a shafa musu gam, a jera su ta yadda jijiyar kowane falle za ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, sannan a danne su da zafi. Yawansu kan zama mara, wato 3, 5, 7 ko 9, domin fuskokin biyu su daidaita kada allon ya karkace. Girman da aka fi sani shi ne ƙafa 8 da ƙafa 4, wato milimita 2440 da 1220.

Hikimar gittawar ita ce itace ya fi kumbura ta faɗinsa idan ya sha ruwa, amma tsawonsa kusan ba ya canzawa. Kowane falle yana riƙe maƙwabcinsa ke nan. Sai dai duk wannan ja-in-ja a kan gam take sauka. Shi ya sa filawud bai shiga aikin ruwa sosai ba sai bayan samuwar gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa a shekarun 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu, da filawud aka ƙera yawancin jikin jiragen Higgins da suka sauke sojoji a gaɓar Nomandi a 1944. A Nijeriya ma, kamfanin African Timber and Plywood da ke Sapele ya fara sarrafa shi tun ƙarshen shekarun 1940.

3.0 Tambayoyi Uku da Hatimi Ke Amsawa

3.1 Fuskar katako

Haruffa irin su A-A, A-B, B-C, ko BB/CC suna bayani ne a kan kyawun fallayen waje. Harafin farko na fuska ne, na biyu na baya. A tsarin Amurka, A ita ce fuska mai santsi, D kuma mai ramukan ido da tsaga. BB/CC da ake gani a kan filawud ɗin da ake shigowa da shi daga Asiya yana nufin fuska mai 'yan faci da baya mai aibi fiye da haka. Waɗannan haruffa ba su ce komai a kan ruwa ba. Allo na iya zama A-A, ya yi sheƙi, amma ya ɗaye a damina ɗaya.

3.2 Gam

Nan ne ginshiƙin al'amarin. Alamar MR tana nufin gam mai jure laima kawai, galibi na sinadarin yuriya, wanda ya dace da kayan ɗaki. WBP kuwa tsohuwar alama ce ta Ingila mai nufin gam da ke jure yanayi da tafasasshen ruwa, kuma galibi na sinadarin finol ne. A Turai an maye gurbinta da ƙa'idar EN 314-2 mai aji uku: aji 1 na busasshen wuri, aji 2 na wuri mai laima, aji 3 na waje. A gwajin aji 3 ana tafasa guntun allon awa 4, a busar da shi a zafin digiri 60 na tsawon awa 16 zuwa 20, a sake tafasa shi awa 4, ko kuma a tafasa shi awa 72 a jere, kafin a auna ƙarfin mannewar. A Indiya, IS 303 ta ƙunshi MR da BWR na aikin yau da kullum.

Akwai alamomi biyu da ke ruɗar mai saye. Ta farko ita ce CDX ta Amurka, wadda harafin X ɗinta ke nufin allon zai jure ruwan sama na ɗan lokaci yayin gini, ba zama cikin gulbi ba. Ta biyu ita ce E1 ko E0, wadda ke auna yawan tururin sinadarin fomaldehaid da allo ke fitarwa a cikin ɗaki. Magana ce ta lafiyar numfashi, babu ruwanta da juriyar ruwa.

3.3 Itace da cikin allo

Gam mai kyau ba ya hana itace ruɓewa. Maɗaci da danginsa na kurmi suna da matsakaiciyar juriya, amma itatuwa irin su obece da fofla suna saurin lalacewa idan suka daɗe a jiƙe. Sannan akwai giɓin da ake bari tsakanin guntayen fallayen ciki. A kabad wannan giɓi ba ya cutarwa. A jikin jirgi kuwa ya zama hanyar da ruwa zai bi ya kwanta inda ido ba ya gani, kuma a nan allo ke karyewa idan aka lanƙwasa shi a kan haƙarƙarin jirgi.

4.0 Hatiman Filawud na Jirgi

Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce BS 1088 ta Ingila, wadda ta fito a 1966, aka sabunta ta a 2003 da 2018. Ta haɗa amsar tambayoyin nan uku wuri guda. Gam dole ya ci gwajin aji 3. Fuskokin biyu ba su da buɗaɗɗen aibi. Giɓin fallayen ciki ba ya wuce rabin milimita. An kasa allon gida biyu: na asali, daga itace mai juriya, da mara nauyi, daga itace irin okume na ƙasar Gabon, wanda masu ƙira ke so don sauƙin lanƙwasa amma ba ya daɗewa sai an rufe shi sarai. Cikakken hatimi yakan nuna lambar ƙa'idar, kaurin allo, sunan masana'anta, ƙasar da aka yi shi, da nau'in itacen.

A Amurka, ƙungiyar APA, wadda aka kafa a 1933, tana buga hatimin filawud na jirgi a ƙarƙashin ƙa'idar PS 1, inda ake buƙatar fallayen ciki su kai matsayin B. A Indiya kuwa IS 710 ce ƙa'idar, alamarta BWP.

Abin lura shi ne masana'anta ce ke buga BS 1088 da kanta, a matsayin da'awar cewa ta bi ƙa'ida. Tawada da roba sun isa a buga lambar a kan kowane allo. Don haka hatimin da ba shi da sunan masana'anta da ƙasa abin tuhuma ne, wanda kuma ke da shaidar wata hukuma mai zaman kanta, kamar Lloyd's Register, ya fi ƙarfin hujja. A Nijeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, kuma mai sayen allo da yawa na da damar neman ganin takardun kaya daga dila.

5.0 Matsalar "Marin Bod"

A kasuwannin katako na Nijeriya, sunan "marin bod" ya zauna a kan wani allo mai baƙar leda ko ruwan ƙasa a fuska biyu, yawanci mai kaurin milimita 18. An yi shi ne domin zubin kankare, wato dakin da ginshiƙai, don siminti ya fito da santsi kuma a sake amfani da allon sau da dama. Sunan ya sa wasu na ɗaukar cewa allon jirgi ne. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dalilai uku ne suka sa bai dace da jikin jirgi ba. Na ɗaya, ledar ce ke kare shi, kuma da zarar zarto ya yanka ko ƙusa ta huda, ruwa ya sami ƙofa. Na biyu, cikinsa sau da yawa fofla ne ko turare, mafi arha kuma guntayen tsohon allo ne aka harhaɗa. Na uku, ledar an yi ta ne don kada siminti ya manne, saboda haka gam da fenti ma ba sa kama ta da kyau, alhali haɗin jirgi ya dogara da su.

6.0 Gwajin da Kafinta Zai Iya Yi

Gani ya kori ji. Kafin a biya kuɗin alluna da yawa, yana da kyau a sayi ɗaya a gwada shi kamar haka.

A dubi gefen allon a ƙirga fallaye. A kauri ɗaya, mai fallaye da yawa masu kai ɗaya ya fi mai 'yan kaɗan masu kauri. Idan fallen fuska ya yi siriri kamar takarda, ado ne kawai. Layin gam ɗin finol yakan yi duhu, baƙi-baƙi ko ja-ja, na yuriya kuma fari-fari ne, ko da yake ana iya rina gam, don haka launi shi kaɗai ba hujja ba ne.

A yanka allon ta tsakiya, domin akan toshe giɓin gefe a masana'anta. Duk ramin da tsinken ashana zai shiga ya wuce abin da BS 1088 ta yarda da shi nesa ba kusa ba.

A auna nauyi. Allo mai kaurin milimita 18 daga itace mara nauyi yakan kai kimanin kilo 27, na itace mai tauri kuma kimanin kilo 37. Idan dila ya ce itace mai tauri ne amma sikeli ya nuna akasin haka, an sami amsa.

A yanko guntaye masu faɗin santimita 5 daga wurare dabam-dabam, a tafasa su awa 4, a shanya su a rana su bushe ƙayau, a sake tafasawa. Bayan sun huce sai a sa wuƙa a ɓamɓare fallayen. Idan itacen ne ya yage ya bar zare-zarensa a jikin gam, mannewar ta yi kyau. Idan kuwa fallayen sun rabu sumul, ko sun ɗaye tun cikin tukunya, allon na ɗaki ne.

7.0 Yanayin Sakkwato da Kulawa Bayan Ƙira

Ko filawud mafi inganci ba a jiƙa shi da maganin ruɓewa ba, sai in hatimi ya faɗi haka. Ruɓewa kan fara idan danshin itace ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, kuma ruwan daɗi irin na Rima ya fi ruwan teku saurin jawo ta. Yanayin yankin ya ƙara wa katako wahala: ruwa daga Yuni zuwa Satumba, bushewar hunturu, sannan zafin bazara da ke haura digiri 40. Kowane zagaye na kumbura da tsukewa yana gwada gam. Ga kuma yashin gaɓa da ke kankare ƙasan jirgi duk lokacin da aka ja shi, ga gara idan aka kife shi a ƙasa da rani.

Saboda haka wajibi ne a rufe kowane gefe da kowace huda da gam ɗin efoksi ko fenti mai yawa kafin haɗawa, domin ta gefe ruwa ya fi shiga. A yi amfani da ƙusa ko sukurun da ba sa tsatsa. A kafa dogayen katakai a ƙasan jirgi su riƙa ɗaukar gugar yashi. A kwashe ruwan da ya kwanta a ciki, a ajiye jirgi a inuwa bisa wani abin da ya ɗaga shi daga ƙasa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa zane-zanen ƙananan jiragen kamun kifi na falanki da na filawud, waɗanda makarantun koyon sana'a za su iya amfana da su.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dacewar filawud da aikin jirgi ta dogara ne da gam, da nau'in itace, da cikar fallayen ciki, kuma haruffan fuska da sunan kasuwa ba su tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Inda ba a sami allo mai cikakken hatimin BS 1088 ko IS 710 da ya ci gwajin tukunya ba, busasshen falanki na itace mai juriya ya fi aminci. Ana ba da shawara ga ƙungiyoyin kafintoci da sarakunan ruwa da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, su sanya duba katakon jirgi cikin abin da ake bincikawa kafin a bar shi ya ɗauki fasinja, kuma a fassara ma'anar waɗannan alamomi zuwa Hausa a liƙa su a kasuwannin katako.