Nazari a Kan Lasifikar Kauri a Ɗakin Sarrafa Sauti

1.0 Gabatarwa

Duk waƙar da aka ɗauka a situdiyo, kafin ta isa kunnen jama'a sai ta bi ta ɗakin sarrafa sauti. A nan ne mai haɗa sauti yake zama gaban lasifikoki, yana ɗaga wannan yana rage wancan, har muryar mawaƙi da kiɗa su zauna daidai. Hukuncinsa kuwa ya rataya ne ga abin da lasifikokin suka gaya masa. In sun ɓoye masa wani amo, zai ƙara shi fiye da kima. In sun kambama shi, zai rage shi har waƙar ta rame. Amon da ya fi wuyar ji daidai shi ne mai kauri, irin na tambari da jitar bes. Domin sa ne aka ƙirƙiro sabwufa, wadda za a kira lasifikar kauri a nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙarfin wannan lasifika ba ya da wani amfani sai in ya taimaka wa mai aiki ya ji gaskiyar abin da ya ɗauka.

2.0 Yanayin Amo Mai Kauri

Sauti kaɗawar iska ce, ana kuwa auna shi da yawan kaɗawa a cikin sakan ɗaya, watau Hz. Lafiyayyen kunne yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Rabon lasifikar kauri shi ne daga 20 Hz zuwa 80 Hz ko abin da ya ɗan ɗara. Alal misali, amo mafi kauri a fiyano 27.5 Hz ne, na jitar bes mai tsirkiya huɗu kuwa 41 Hz. Tushen muryar namiji yakan kama daga wajen 85 Hz zuwa 180 Hz, a kansa ne kuma karin sautin Hausa yake hawa da sauka. Ashe ke nan murya maƙwabciyar wannan amo ce, kuskure a ɗaya yana shafar ɗayan.

Abu biyu ne suka sa fitar da wannan amo yake da wuya. Na farko, duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi, dole lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Na biyu, tun a 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin amo mai kauri sosai sai ƙararsa ta yi yawa.

Tarihi ya nuna hanyoyi biyu. A birnin Los Anjalis na Amurka, Ken Kreisel ya ƙera lasifikar kauri da aka yi amfani da ita wajen haɗa faifan Pretzel Logic na ƙungiyar Steely Dan, wanda ya fito a 1974. A shekarar ne kuma fim ɗin Earthquake ya zo da manyan lasifikoki masu girgiza gidajen silima. Ta farko don ji aka yi ta, na biyun don razanarwa. Ɗakin sarrafa sauti magajin ta farkon ne.

3.0 Ma'anar Ƙarfi

Mai saye yakan fara da tambayar wat nawa ce, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. In aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal ƙara take ƙaruwa, sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ta ninku. Abin dubawa na haƙiƙa shi ne yawan iskar da lasifikar ke iya turawa. Wannan ya dogara ga faɗin kwanon takarda ko roba da ke kai da komo, wanda za a kira fatar lasifika don aikinsa ɗaya da na fatar ganga, da kuma nisan da fatar ke iya tafiya ba tare da amon ya gurɓata ba. Fata mai inci 15 ta fi mai inci 12 faɗi sau ɗaya da rabi ko fiye.

Amfanin ƙarfi shi ne rara. Lasifikar da ke aiki da kaɗan daga ƙarfinta tana fitar da bugun ganga tsaf, wadda kuwa aka kai maƙura sai ta riƙa ƙara amon da babu shi a waƙar. Bai kamata rarar ta zama dalilin ƙure ƙara ba, domin masana lafiyar ma'aikata sun yi kashedi game da zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 fiye da awa 8 a yini.

4.0 Akwati

Akwatin lasifika iri biyu ne suka fi yawa. Akwai rufaffe, wanda Edgar Villchur ya inganta a 1954, inda iskar da aka kulle a ciki take tallafar fatar. Amonsa yakan tsaya da zarar an tsai da shi, yana kuma raguwa sannu a hankali can ƙasa, sai dai yana cin wuta. Akwai kuma mai ƙofa, wanda ake yi wa bututu domin iskar ciki ta taimaka wajen fitar da amo. Ya fi ƙara, amma ƙasa da amon da aka saita bututun a kai yakan yanke nan take, fatar kuma ta riƙa lilo babu madogara, har ta lalace in ba a tace amon da ke shigar ta ba.

Ba a ƙera akwati da ka. A. N. Thiele na ƙasar Ostireliya a 1961, da Richard Small a farkon shekarun 1970, sun fito da lissafin da ke haɗa halayen fata da girman akwatin da ya dace da ita. Kamfanonin kirki sukan buga waɗannan alƙaluma, maƙeri kuwa da su zai fara. Haka kuma akwai ƙa'idar da ake jingina wa J. A. Hofmann, cewa a cikin abubuwa uku, ƙaramin akwati da zurfin amo da ƙarancin cin wuta, biyu kaɗai ake samu a lokaci guda. Wajen aikin kafinta, ana son falanki mai kaurin milimita 18 ko fiye, da tokare-tokare a ciki, da gam a kowace mahaɗa don kada iska ta tsiyaya. Tun ran gini ran zane: akwatin da bangonsa ke rawa ya zama ganga mai kiɗan kanta.

5.0 Ɗaki

Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan. Saboda haka igiyar amon 40 Hz tana da tsawon kusan mita 8.6, ta fi yawancin ɗakuna tsawo. Idan ta bugi bango ta dawo, sai ta haɗu da mai zuwa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Ɗaki mai tsawon mita 4 yakan kambama amon 43 Hz a jikin bango, ya kuma kusa shafe shi a tsakiya. Mai aikin da ya zauna a tsakiyar ba zai ji shi ba, ko da ya ƙure amfilifaya, domin ƙarfin da ya ƙara yana ƙaruwa ne ga igiyoyin biyu masu kashe juna.

Bangon bulo da siminti ya fi na katako mai da amo mai kauri, ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya kuwa shi ya fi muni. Kwalin ƙwai da siririn soso da akan manna a bango ba sa shanye wannan amo, siririn amo kawai suke ragewa. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri sosai, kamar audugar gilashi, a cusa a kusurwoyi. Daɗin daɗawa, binciken Todd Welti na kamfanin Harman a 2002 ya nuna cewa lasifikoki biyu ko huɗu da aka rarraba a ɗaki sun fi guda ɗaya daidaita amo daga mazauni zuwa mazauni. Matsakaita biyu sukan fi ƙatuwa ɗaya.

6.0 Girkewa

Akwai wata dabara mai sauƙi ta neman gurbi. A ɗora lasifikar a mazaunin mai aiki, a saki kiɗa, sannan a bi gefen bango a durƙushe ana saurare. Inda amon ya fi fita daidai, nan ne gurbinta. Daga nan sai a saita iyakar da za ta karɓi aiki daga manyan lasifikoki, galibi 80 Hz, domin ƙasa da haka kunne ba ya saurin gane inda amo ke fitowa, kuma murya ta tsira daga hannunta. Sai a tabbatar fatunsu suna turawa tare, ba ɗaya na turawa ɗaya na ja ba. A ƙarshe a auna da makirfon awo da manhaja irin Room EQ Wizard, wadda kyauta ce. Alamar an dace ita ce a daina jin ta a matsayin lasifika dabam, sai an kashe ta a ji an yi rashi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen lasifikar kauri yana farawa ne daga awon ɗaki, ya bi ta yawan iskar da ake bukata da irin akwati, adadin wat ya zo daga baya. Sakamakon aikin ba a situdiyo ake ganin sa ba, sai a rediyo da mota da wayar hannu, inda waƙar da aka haɗa bisa jin ƙarya takan fito ko dai a rame ko kuwa kiɗa ya danne kalmomin mawaƙi. Situdiyon da ba shi da halin gyara ɗakinsa gara ya fara da wannan gyaran, ya jinkirta sayen lasifikar, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.